Ciwon Aro

Da na tambaye ta inda take jin zafin, sai hannunta ya tashi, amma bai sauka a ƙirjinta ba. Ya tafi gefen dama ya tsaya a iska, tafin a buɗe, kamar ta ɗora shi a ƙirjin wani da ke zaune kusa da ita. Kujerar da ke wurin kuwa babu kowa a kai. Sai ta yi maza ta dawo da shi jikinta.

"Nan, Mbak," in ji ta, tana kirana yadda ake girmama budurwa a wajenmu. "Daga nan yake tasowa har wuya."

Nas ɗin da ke ɗakin tana jera kwalabe, ba ta gani ba. Ni na gani, na sunkuyar da kai na rubuta amsar.

Sunanta Bu Tarsiwen (Bu muke ce wa babbar mace, namiji kuma Pak), daga wani ƙauye da ke saman Cilongok, a gindin dutsen Slamet. Ta haura hamsin. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, damatsanta duk tabon ƙuna ƙanana-ƙanana kamar an yayyafa mata. In ta shigo ɗaki, ƙamshin hayaƙi da na mazarƙwailar kwakwa sukan riga ta zama.

Ni kuma, Wening, lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. An ɗauke ni aiki a wani asibiti a garin Purwokerto na ƙasarmu Indonesiya, a wani bincike da Dokta Prasojo yake jagoranta. Akwai wata takardar tambayoyi da aka rubuta a ƙasar waje domin gane ciwon ƙwannafi, wato ruwan ciki mai tsami da ke tasowa ya ƙona hanyar abinci. An mayar da ita harshen Indonesiya, ana so a tabbatar ko tana faɗin gaskiya a bakin mutanenmu. Aikina in karanta wa marar lafiya tambayoyin yadda suke a rubuce, ban ƙara ba ban rage ba. Bayan 'yan kwanaki in sake karanta masa, a ga ko amsar za ta canza. Daga nan likita ya zura masa siririyar roba mai kyamara ta baki, ya ga cikin da idonsa. In takarda ta ce akwai ciwo, kyamara ma ta ce akwai, to takardar ta ci. Sun zaɓe ni ne saboda ina jin Jawancin ƙauye, harshen mutanen yankin, kuma, kamar yadda Dokta ya faɗa yana dariya, ba ni da surutun da zan sa wa mutum amsa a baki.

Makin Bu Tarsiwen ya kai ƙololuwa. Zafin ƙirji kusan kullum. Ruwa mai tsami yana tasowa baki. Barci ba ya yiwuwa sai an jingina da bango. Ba ta tsayawa tunani kamar sauran, amsarta a shirye take.

Ranar da ta dawo zagaye na biyu, amsoshinta ba su kauce ko kaɗan ba. Da muka gama na miƙa mata ɗan kwalin abin taɓawa da muke bai wa kowa. Ta zauna a benci ta buɗe, ta ciro soyayyen tempe, wato wainar waken soya, ta gartsa ɗanyen barkono, ta bi da wani. Ta ci barkonon nan tas, har ta karɓi na matar da ke kusa da ita, wadda ta ce ita ko ganinsa ba ta son yi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. Ta ɗago ta yi mini murmushi da maiƙo a leɓenta.

An ce kowa ya zo da ɗan rakiya ranar kyamara. Ita kaɗai ta zo, da yunwa tun jiya kamar yadda aka umarta, ta ɗaura zanenta na zuwa biki. Na ce zan tsaya mata. Ma'aikatan suka fesa mata magani a maƙogwaro, suka kwantar da ita ta gefe. Da robar ta shiga, hawaye suka zubo mata, ta matse mini hannu har na ji ƙashina. Ba ta yi yunƙurin ture kowa ba.

Dokta Prasojo ya juyo da allon ya nuna mata.

"Alhamdu lillahi, Bu. Duba nan. Cikinki tas yake kamar na jariri. Ko ɗigon ja babu."

Ta dubi allon, ta dube shi.

"To maganin fa, Pak Dokta?"

"Wane magani kuma? Ai sai ki je ki yi sadaka. Ni ma da zan samu irin cikin nan da na gode."

Ya dafa kafaɗarta ya fita, don akwai layi a waje. Ban taɓa ganin an yi wa mutum albishir fuskarsa ta faɗi haka ba.

Na same ta a ƙarƙashin mangwaron da ke wurin ajiye babura. Na zauna a ƙarshen bencin, na daɗe ina murza igiyar katin wuyana kafin magana ta fito.

"Bu, wane ne ba shi da lafiya?"

Ba ta musa ba. Ta share hanci da gefen mayafi, muryarta a shaƙe saboda robar.

"Baban 'yata ne, Nduk. Pak Nartam."

Daga ranar ta daina ce mini Mbak, ta koma kirana kamar 'yarta.

A nan ta ba ni labarinta, guntu-guntu. Ubanta mai hawan kwakwa ne, kakanta ma haka. Tun tana yarinya take gaban kasko. Pak Nartam ya fara ganinta ne daga saman itacen maƙwabcinsu, tana shanya a tsakar gida. Ya yi ta yi mata fito tana ƙin ɗaga kai, sai ya sako mata ƙaramar kwakwa da gangan, ta fasa musu tulu. Ubanta ya fito da sanda. A wajen zuwa ba da haƙuri aka fara maganar aure. Suna da 'ya ɗaya, tana aiki a wata masana'anta can nesa a tsibirin Batam, sai salla take zuwa.

Aikin kuwa ba ya ba mutum hutu. Safe da yamma sai ya hau kowane itace, ya sauko da gorar da ta cika da ruwan fure, ya rataya wata, ya ɗan shafce bakin zangarniyar furen da wuƙa don kada ta warke. In aka tsallake, bakin ya bushe, ruwa ya ja baya. Ita kuma dole ta dafa ruwan nan take kafin ya yi tsami, ta yi ta juyawa har ya yi kauri, ta zuba a ɓawon kwakwa ya daskare. Ba ranar salla, ba ranar makoki. Ranar da aka haifi 'yarsu ma yana sama aka yi masa kira.

"Shi na sama ne, ni ta ƙasa," in ji ta. "Duk abin da ake yi a ƙasa ni nake yi masa. Taron unguwa ni. Gaisuwar mutuwa ni. Katin zama ɗan ƙasa ma ni na bi layi, sai hoton kawai ya zo ya tsaya."

Da ƙwannafin ya dame shi, shekaru ke nan, ita ta je ƙaramin asibitin gunduma ta ce mijinta ba lafiya. Aka ce ba a rubuta wa wanda ba a gani ba magani, ta kawo shi. Ya ce ba zai bar itatuwa ya je ya wuni a benci ba. Sai ta koma ranar da wata ma'aikaciyar ce a kan aiki, ta ce ita ce ba lafiya. Ta faɗi duk abin da take gani a jikinsa, aka ba ta ƙwayoyi. Ya sha ya ji sauƙi. Haka ta ci gaba. Da ƙwayoyin suka daina aiki, aka turo ta wurinmu, ita kuma ta ji ana cewa wanda aka yi wa kyamara ana ba shi magani mai ƙarfi.

"Na ce ai robar ba za ta kashe ni ba. In na haɗiye, ya samu maganin."

"Yanzu yaya jikin nasa?"

"Zafin ya ragu ma. Abincin ne ba ya wucewa. Da nama ne, sai tempe, yanzu ko shinkafa sai na dama ta ta zama kunu. Wandonsa sai da igiya."

Na yi karatu daidai gwargwadon da zan san cewa wannan ba alamar sauƙi ba ce. Na roƙe ta ta jira ni, na koma ciki. Ina tsoron Dokta Prasojo ba don yana faɗa ba, don dai yana sauri, ni kuma magana takan maƙale mini. Na tare shi yana wanke hannu na faɗa masa. Ya fara dariya, ya ce mace ta haɗiyi roba a madadin miji, wannan sai a ƙasar nan. Da na zo kan shinkafa da wando, sai ya rufe famfon.

"Shekarunsa nawa? Yana shan taba?"

Na ce sittin saura kaɗan, kuma tun yana saurayi.

"Ki cire sunanta daga lissafinmu. Shi kuma a kawo mini shi. Ba wata mai zuwa ba, Mbak Wening. Makon nan."

Ranar Lahadi na hau babur ɗina na haura ƙauyen. Na iso da hantsi, na tarar da ita a rumfar girki tana juya kasko da muciya, hayaƙi ya cika wurin. Kafin in gan shi na ji shi: ƙwal-ƙwal ɗin goruna suna bugun juna a ƙugunsa, yana saukowa ta cikin lambu. Dogo ne, baƙi, duk jijiya. Tafin ƙafarsa ya lanƙwashe ciki saboda riƙon itace. Rigar ta yi masa yawa.

"Au, wannan ce malamar da ta yi wa matata jarrabawa?" Ya ajiye gorunan. "An ce ta cinye duka. Ni na koya mata, Nduk, a rubuta sunana."

"Ka zauna ka ji abin da ta zo da shi," in ji Bu Tarsiwen.

"Na sani ai. Suna so su zura mini tiyo kamar tankin babur."

Na faɗa masa abin da likita ya ce, ina kallon ƙasa. Ya saurara da ladabi, yana naɗa taba.

"Nduk, ke 'yar makaranta ce, ba zan ƙaryata ki ba. Amma wannan iskar damina ce ta shige ni. Mutumin da ke wuni a sama ruwa yana dukansa, me kike so? Tsaya ki gani da idonki. Bu, ɗauko kwabon."

Ya cire riga ya juya baya. Haƙarƙarinsa a jere kamar matakalar da yake sassaƙawa a jikin itace. Ta ɗauko wani tsohon kwabo mai huji da ya suɗe don amfani, ta shafa masa man kwakwa, ta fara kankarar bayan daga tsakiya zuwa gefe. Duk mun san wannan. Ni ma uwata takan yi mini in sanyi ya kama ni. Layuka suka fito jawur, wasu har sun yi duhu.

"Ya yi ja?"

"Ya yi," in ji ta.

"To kin gani. Da babu iska ai ba zai yi ja ba." Ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ɗaga yatsa. "Ga ta nan tana fita."

Na so in ce masa bayan kowa ma zai yi ja in aka kankare shi. Na faɗa, amma a hankali, ya yi dariya ya ce to ni ma iska ta shige ni ke nan.

Ana haka sai ga Kang Sakum, yayan Bu Tarsiwen (Kang ɗin ma yaya yake nufi), wanda shi ma mai hawa ne, gonarsa tana maƙwabtaka da tasu. Ashe ta riga ta kira shi. Kakkaura ne mai sanƙo, ya shigo yana fifita da hula.

"Kai, ƙashin kifi! An ce ka ƙi zuwa asibiti don kana tsoron allura."

"Ga buhun shinkafa ya iso. Wane itace ne ya karye yau?"

"Ka bar mini itatuwanka kwana ɗaya, ka je a duba ka. Zan hau maka safe da yamma."

"Kai? Kai da kake yankan fure kamar mai yankan akuya? Ka taɓa mini zangarniya ɗaya ta yi fushi ta bushe. Ni shafa su nake yi, Kang. Sun san hannuna."

"Hannun naka da ya koma tsinke? Wallahi in iska ta kaɗa sai mu tsinto ka a Cilacap, can bakin teku."

Suka yi ta yi, har ni na yi dariya. Bu Tarsiwen ba ta yi ba. Ta kawo abinci: mu shinkafa da ganye da dakan barkono, shi kunu a ƙaramin kwano. Na lura yana riƙe kowane cokali a baki, ya miƙa wuya kamar kaza, sannan ya haɗiye. A cokali na ƙarshe ya tashi ya zagaya bayan rumfa. Muka ji shi yana amai. Kang Sakum ya daina tauna.

Da Pak Nartam ya dawo, ta ajiye muciya ta tsaya a gabansa.

"Pak, ni na haɗiyi robar nan. Ni da ko ƙwayar magani sai na daka. Ba ta da zafi, ƙaiƙayi ne kawai." Na san ƙarya take yi, hannuna bai daina ciwo ba. "In ni na iya, kai da kake hawa sama ba igiya?"

Ya dube ta ya daɗe. Wasan ya bar fuskarsa.

"To, na ji. Bari zangarniyoyin nan da na fara su ƙare. In sun ƙare zan je."

Na yi murna. Na gode masa har da sunkuyawa. Da ta rako ni wurin babur na ce mata ai an samu, sai a sa rana. Ta tsinki wani ganye tana yayyagawa.

"Kwakwa ba ta daina fure, Nduk. Kafin wannan ta ƙare wata ta fito."

Na koma sau da yawa bayan nan. Dokta ya ba ni saƙo mai zafi na kai. 'Yarsu ta yi ta kuka a waya daga Batam. Limamin unguwa ya yi masa magana. Kowa Pak Nartam yakan karɓe shi da fara'a, ya sa a ba shi mazarƙwaila, ya ce in Allah ya so bayan wannan furen. Ita kuwa Bu Tarsiwen ta daina zuwa karɓo ƙwayoyi, tana ganin in ya rasa su zai sauko. Sai ya zauna da zafinsa bai ce komai ba, ita kuma ta kasa kallo, ta je kanti ta sayo. Kullum da yamma yakan miƙo mata kwabon. Ta ce mini ta daina yarda da shi, amma shi ne kaɗai lokacin da yake zama wuri ɗaya ta taɓa shi.

Damina ta wuce kafin ya zo. Wata safiya tana gaban murhu, ta hura wuta tana jiran ruwan fure, ba ta ji ƙwal-ƙwal ɗin goruna ba. Ta bi lambu ta same shi zaune a gindin itacen farko, gorunan babu komai. Ya hau rabi ƙafafunsa suka ƙi, ya sauko a hankali. Ya ce mata, "Kira yayanki." Da Kang Sakum ya zo, Pak Nartam ya miƙa masa wuƙarsa, ya ce, "Siriri-siriri, kamar kana yanke wa jariri farce." Kang Sakum bai mayar masa da baƙar magana ba.

Washegari suka zo asibiti a bayan motar ɗaukar kaya. Suna jiran layi a ɗakina, ya ga takardun a kan tebur.

"Nduk, karanta mini jarrabawar nan. In ga ko zan kai matata."

Na ce ba ya cikin binciken, ba za a lissafa ba. Ya ce shi dai a karanta. Na ɗauko ɗaya.

"A makon da ya wuce, sau nawa ka ji zafi a bayan ƙashin ƙirji?"

"Ko sau ɗaya."

"Ƙarya yake yi," in ji ta. "Ranar Talata fa da ka riƙe ƙirji?"

"Wannan tari ne."

"Sau nawa abin da ke ciki ya taso maka baki?"

"Me ke cikin da zai taso? Rubuta babu."

"Rubuta kullum, Nduk."

"To wa ake tambaya, ni ko ke?"

"Ai na fi ka sanin ciwon nan. Kai ɗaukarsa kawai kake yi."

Ya yi dariya har ta zame masa tari. Da na haɗa makin bisa amsarsa, bai kai na mai ciwo ba. Ya tafa hannu ya ce to a sallame shi, takarda ta wanke shi.

Robar ba ta wuce ba. Ta tafi rabin hanya ta tarar da ƙari ya toshe wurin, sai ɗan ƙaramin rami da ruwa ke bi. Dokta Prasojo bai juyo da allon ba wannan karon. Bayan sakamakon gwaje-gwaje ya fito, ya zaunar da Bu Tarsiwen a ofis, ya ce in tsaya in mayar mata da Jawanci duk abin da ba ta gane ba. Ya ce ciwon daji ne, kuma ya bazu. Za a iya buɗa masa hanya ya riƙa shan ruwa-ruwa, a rage masa zafi. Fiye da haka babu.

Ta gane ba sai na fassara ba. Ta zauna tana shafa tabon hannunta.

"Pak Dokta, ƙwayoyin da nake kai masa. Su suka rufe ciwon har ya girma?"

Dokta ya cire tabarau ya goge. Mutum ne da ba ya ƙarya ko don lallashi.

"Ba su suka kawo shi ba, Bu. Da an gan shi da wuri, wataƙila da an yi wani abu. Wataƙila kuma da ba a iya ba. Ba wanda zai iya gaya miki."

Ta gyaɗa kai ta yi godiya. A waje ta ce mini, "Da ya ce e ko a'a, da na san inda zan ajiye shi."

Ya koma gida. Aka sa masa gado a baranda inda yake hango itatuwan. Yakan kwanta yana kallon Kang Sakum a sama, yana yi masa ihu da 'yar muryar da ta rage: wancan ya yi kauri, wancan ka manta ka wanke gorar. Kang Sakum yakan amsa daga sama, "Taso ka yi da kanka mana, sarkin iyayi!" In ya sauko kuma sai ya zagaya bayan rumfa ya daɗe, ya fito idonsa jawur. 'Yarsu ta ajiye aiki ta dawo. Ya rasu kafin azumi, da safe, ana cikin dafa ruwan fure. Bu Tarsiwen ta ce maƙwabciya ce ta karɓi muciyar daga hannunta, don kaskon ba a barinsa.

Bincikenmu ya kammala. Takardar ta ci. A yawancin mutane abin da ta faɗa shi kyamara ta gani, kuma yanzu ana amfani da ita a wuraren da babu kyamara. A rahoton akwai layin da ya ce an cire mutum ɗaya saboda amsoshin ba nasa ba ne. Ni na buga layin.

Na je mata bayan an yi addu'ar arba'in. Tabarmin baƙi suna naɗe a jingine, ba a mayar wa masu su ba tukuna. Ta rame. Ta ce 'yar tana so ta koma aiki Batam ta tafi da ita, ita kuma ba ta san abin da za ta yi a ɗakin haya ba, a saman bene, babu murhu. Kang Sakum yana hawan rabin itatuwan. Ƙarfinsa bai kai duka ba, sauran sun bushe da ruwa, sun koma yin 'ya'ya. Ta nuna mini su da haɓa.

"Da yana nan da ya ce an mayar masa da gona ta malalata."

Kwabon yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, an zura masa zare a hujin. Ta ga ina kallonsa.

"Na so in sa masa a likkafani, liman ya ce ba a yi."

Muka sha shayi. Ta gutsuro mini mazarƙwaila in haɗa da shi. Na tambaye ta lafiyar jikinta, don na ga ko loma ba ta kai baki ba tun zuwana.

"Lafiya lau. Ai kun duba, tas yake." Ta yi ɗan murmushi. Sai ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinta, ta bar shi a wurin. "Wani abu ne dai ya tsaya a nan. Ba zafi ba ne, ba ya tasowa, ba ya sauka."

Na ajiye kofin shayina. Ita kuwa ba ta jira amsa ba. Rana ta fara karkata, lokacin hawan yamma ya kusa, kuma Kang Sakum zai zo neman goruna. Ta tashi ta kwaso su daga bayan rumfa, ta kai bakin rijiya ta tsuguna. Ta ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya da ruwan zafi, ta kife su a kan dangar don su tsane.